Shin masu kutse za su iya ɗauke wutar Kano daga nesa?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, akasarin jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, bayan da manyan layuka biyu da ke kawo wuta yankin suka daina aiki.

Tun kafin nan ne aka lalata turakun layin da ya taso daga madatsar ruwa ta Shiroro zuwa Mando a Kaduna, kuma kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasar, wato TCN, ya ce matsalar tsaro a dazukan yankin ta hana injiniyoyinsa zuwa su gyara.

A ranar 21 ga watan Oktoba kuma, sai layin da aka koma dogaro da shi, wanda ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai, shi ma ya samu matsala. Sai a ranar 30 ga watan ne aka fara maido da wuta.

Duhun bai tsaya a manyan birane ba. Garuruwa irin su Gwarzo da Kabo a yammacin jihar Kano, inda dama can wutar ba ta wadata ba, sun rasa ɗan abin da suke samu. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya, ko dai su koma ga janareta a lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000, ko kuma su rufe shago.

Ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro dai da hannu aka yi ta, wasu ne suka je har gindin turakun. To amma kusan shekaru 20 ke nan masu bincike a ƙasashe daban-daban suna nazarin wata tambaya: shin ana iya jefa jama'a cikin irin wannan duhu ba tare da an taɓa ko turke ɗaya ba, ta hanyar kutsawa cikin na'urori masu ƙwaƙwalwa da ke sarrafa wutar?

Amsar da suka samu ita ce ana iyawa, an ma taɓa yi. Tambayar ta shafi Najeriya a yanzu ne saboda ƙasar tana tsakiyar miƙa ragamar layukan wutarta ga kwamfuta.

Yadda wutar ke isa Gwarzo

Wutar da ke kunna ƙwai a wani shago a Gwarzo, ko injin da manomi daga mazaɓar Jama'a zai kai hatsinsa niƙa, ta sha doguwar tafiya kafin ta iso.

Ana samar da ita ne a madatsun ruwa irin su Kainji, wadda ta fara aiki a 1968, da Jebba da Shiroro da Zungeru, sai kuma tashoshin da ke ƙona iskar gas, waɗanda akasarinsu suna kudancin ƙasar, kuma su ne ke samar da kaso mafi tsoka.

Daga nan manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000 ke ɗauko ta zuwa tashar Kumbotso da ke wajen birnin Kano, inda ake rage mata ƙarfi mataki-mataki, sannan a miƙa ta ga kamfanin KEDCO, wanda tun watan Nuwamban 2013 ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Ƙananan layuka ne ke kai ta garuruwa, taransifomar unguwa kuma ta sake rage mata ƙarfi domin amfanin gida.

Wahalar wannan aiki ita ce, babban layin ƙasa ba rumbu ba ne da za a zuba wuta a ajiye. Abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, kuma dole dukkan injinan su riƙa juyawa bisa ma'auni guda, wato bugu 50 a daƙiƙa ɗaya.

Idan ma'aunin ya karkace sosai, injinan kan cire kansu daga layin ɗaya bayan ɗaya domin kada su ƙone. Wannan shi ne abin da ake kira durƙushewar babban layi, wanda kafofin watsa labarai suka ƙirga ya faru kusan sau 12 a shekarar 2024 kaɗai.

Dalilan da hukumomi suka riƙa bayarwa sun haɗa da ƙarancin iskar gas, da gobara a tashoshi, da lalata turaku, da kuma tsufan kayan aiki.

Ina kwamfuta ta shigo?

Masu kula da wannan ma'auni suna zaune ne a cibiyar sarrafa wuta ta ƙasa da ke Osogbo a jihar Osun. A da cibiyar tana ƙarƙashin TCN ne, amma tun 2025 aikin ya koma hannun wata sabuwar hukuma mai suna NISO, wadda aka ɓallo daga TCN bisa tanadin dokar wutar lantarki ta 2023.

A ƙasashen da suka ci gaba, mai kula da irin wannan cibiya yana ganin halin da kowace tasha ke ciki a kan allon kwamfuta, kuma daga kujerarsa yana iya katse layi ko ya haɗa shi. Tsarin da ke ba shi wannan dama shi ake kira SCADA.

A Najeriya, jami'an TCN sun sha bayyana cewa tsohon tsarin da ake da shi bai game dukkan tashoshi ba, abin da ya sa a wurare da dama ake dogaro da wayar tarho da oba-oba: a kira ma'aikacin tasha, ya karanto abin da allonsa ya nuna, a ba shi umarni, ya je ya aiwatar da hannu. Kafin a kammala wannan, sau da yawa layin ya riga ya faɗi.

Shi ya sa a cikin rancen dala miliyan 486 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2018 domin inganta layukan dakon wuta, aka sanya aikin kafa sabon tsarin SCADA. A watan Satumban 2024 aka yi nunin gwajinsa a wata sabuwar cibiya da ke Gwagwalada a Abuja.

Babu injiniyan da ke jayayya cewa ana buƙatar wannan tsari. Sai dai kuma duk makunnin da ma'aikaci zai iya taɓawa daga nesa, wanda ya sace kalmar sirrin ma'aikacin ma zai iya taɓa shi.

Akwai kuma wani rauni da ya samo asali daga tarihi. Hanyoyin da na'urorin masana'antu ke aika wa juna saƙo, irin su Modbus da aka ƙirƙiro a 1979, an tsara su ne tun kafin intanet ta yaɗu, lokacin da ake ganin duk wanda ke kusa da wayar ma'aikaci ne. Saboda haka na'urar ba ta tambayar wanda ya aiko da umarni. Da zarar umarnin ya iso cikin sigar da ta sani, sai ta aiwatar.

Gwajin da ya farkar da hukumomi

A watan Maris na 2007, masu bincike a wata cibiyar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka da ke jihar Idaho suka kafa wani ƙaton janareta mai amfani da man dizal, mai ƙarfin megawat 2.25, suka jona shi da wani layin wuta na gwaji.

Daga nan suka aika wa na'urar da ke ba shi kariya umarni ta kwamfuta, ta riƙa cire shi daga layin tana mayar da shi cikin ƙiftawar ido, a daidai lokacin da juyawarsa ta saɓa da ta layin. Janaretan ya yi ta girgiza, sassansa suka farfashe, hayaƙi ya turnuƙe.

Gidan talabijin na CNN ya nuna hoton bidiyon wannan gwaji, wanda aka laƙaba wa suna Aurora, a watan Satumban shekarar. Gwajin ya nuna cewa rubutun kwamfuta na iya karya ƙarfe.

Shekaru uku bayan haka, a 2010, wani ƙaramin kamfanin tsaron kwamfuta a ƙasar Belarus ya gano wata muguwar manhaja da daga baya aka sa wa suna Stuxnet. An ƙera ta ne domin ta lalata injinan tace sinadarin yuraniyom a tashar Natanz ta Iran, tana kuma nuna wa ma'aikata a allo cewa komai lafiya lau. Ƙiyasi ya nuna ta lalata injina kimanin 1,000. An danganta ta da Amurka da Isra'ila, ko da yake babu wadda ta amsa a hukumance.

A watan Agustan 2012 kuma, wata manhajar mai suna Shamoon ta goge bayanan kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin mai na Saudiyya, Aramco.

Darasin Yukren

Karon farko da aka tabbatar masu kutse sun ɗauke wa jama'ar gari wuta shi ne ranar 23 ga watan Disamban 2015 a ƙasar Yukren, ana tsakiyar hunturu.

Kamfanonin rarraba wuta uku aka kai wa harin, wato takwarorin KEDCO ke nan a can. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa an fara ne watanni da dama kafin ranar, ta hanyar saƙonnin imel na yaudara da aka aika wa ma'aikata. Wanda ya buɗe takardar da ke maƙale da saƙon, ya buɗe wa masu kutsen ƙofa ba tare da ya sani ba.

Sun yi zamansu a cikin kwamfutocin kamfanonin shiru, suna tattara kalmomin sirri, suna koyon yadda ake sarrafa tashoshi. A ranar harin, ma'aikata suna kallo ɗan kibiyar da ke kan allo ya riƙa yawo da kansa, yana katse tashoshi ɗaya bayan ɗaya.

Maharan sun kuma goge bayanan wasu kwamfutocin, suka lalata na'urorin da ke haɗa tashoshi da cibiya, sannan suka cika layukan tarhon kamfani da kiran ƙarya domin kada masu ƙorafi su samu shiga. Masu amfani da wuta kimanin 225,000 ne abin ya shafa.

Amma cikin sa'a ɗaya zuwa shida aka maido da wutar. Abin da ya ceci Yukren shi ne tashoshinta suna da makunnan da ake juyawa da hannu, kuma akwai ma'aikatan da suka san yadda ake yi. Motoci suka shiga, suka je tasha-tasha suka mayar da layukan.

A watan Disamban 2016 aka sake kai hari a wata tasha da ke arewacin birnin Kyiv, wannan karon da wata manhaja mai suna Industroyer, wadda aka ƙera ta yadda za ta yi magana kai tsaye da na'urorin tasha. Wani sashe na birnin ya yi kimanin sa'a guda cikin duhu.

Masu bincike na kamfanonin ESET da Dragos sun warware manhajar sun wallafa yadda take aiki a 2017. A watan Afrilun 2022, lokacin da aka yi yunƙurin amfani da sabon samfurinta, hukumar tsaron intanet ta Yukren tare da ESET sun daƙile harin kafin ya yi ɓarna.

A watan Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi wasu jami'an leƙen asirin sojan Rasha shida da hannu a hare-haren farko, zargin da Rasha ta musanta.

Ƙofar da ta fi kusa: mitar kati

Hari irin na Yukren yana buƙatar kuɗi da lokaci da ƙwarewar da galibi gwamnatoci ne ke da su. Abin da ya fi yawa a duniya shi ne na 'yan neman kuɗin fansa, waɗanda ke kulle kwamfutocin kamfani su ce sai an biya za su buɗe.

A ranar 7 ga watan Mayun 2021, kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gaɓar gabashin Amurka, ya dakatar da aiki na tsawon kwanaki bayan an kulle kwamfutocin ofishinsa. Ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Shugaban kamfanin ya shaida wa majalisar dattawan ƙasar cewa ta hanyar kalmar sirri guda ɗaya ta wani tsohon asusu aka shiga.

A nahiyar Afirka, irin wannan hari ya fi taɓa talaka ta wajen mita mai amfani da kati.

A watan Yulin 2019 an kulle kwamfutocin kamfanin City Power na birnin Johannesburg a Afirka ta Kudu, jama'a da dama suka kasa sayen katin wuta. A ƙarshen watan Satumban 2022 kuma, masu hulɗa da kamfanin ECG na Ghana sun kwashe kwanaki suna dogayen layuka ba su samu sayen kati ba, daga baya shugabannin kamfanin suka ce kutse aka yi musu.

A dukkan wuraren biyu akwai wuta a kan falwaya. Amma mitar kati ba ta san uzuri ba: da zarar abin da aka saya ya ƙare, sai ta yanke wutar gidan da kanta.

Lambobi 20 ɗin da ake dannawa a mita saƙo ne da aka kulle da wani mabuɗin sirri, wanda mitar da kwamfutar kamfani kaɗai suka sani. A cikin saƙon akwai lokacin da aka sayi katin, domin kada a yi amfani da kati ɗaya sau biyu.

Wannan tsari, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu, yana ƙirga mintoci ne tun daga farkon shekarar 1993, kuma gurbin da aka tanadar wa ƙidayar ya cika a ranar 24 ga watan Nuwamban 2024. Dalilin da ya sa ke nan kamfanonin rarraba wuta, ciki har da KEDCO, suka buƙaci masu mita su shigar da wasu lambobi na musamman kafin ranar. Mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin wata sabuwar wahala, alhali kuwa canjin mabuɗin tsaro ne suka yi da hannunsu.

Me masu bincike ke yi?

Ba a gwada hari a kan layin da asibitoci ke amfani da shi. Saboda haka matakin farko a wannan fanni shi ne gina ƙaramin layin gwaji, mai na'urori na gaske irin waɗanda ke tashoshi, inda wata tawaga za ta kai hari, wata kuma ta kare. A Arewacin Amurka ana gudanar da wani babban atisaye mai suna GridEx duk bayan shekaru biyu tun 2011, inda kamfanonin wuta da jami'an gwamnati ke gwada yadda za su yi idan abin ya auku.

Fanni na biyu shi ne gano baƙon motsi. Na'urorin tasha kusan saƙo iri ɗaya suke aika wa juna dare da rana, saboda haka ana iya koya wa kwamfuta ta san abin da aka saba, ta kuma yi ƙararrawa idan ta ga umarnin katse layuka goma a jere da tsakar dare.

Na uku shi ne batun bayanan ƙarya. A 2009 wasu masu bincike daga jami'o'i biyu na jihar North Carolina a Amurka suka nuna ta hanyar lissafi cewa wanda ya san tsarin layin sosai yana iya sauya alƙaluman da ke zuwa cibiya ta yadda na'urar tantancewa ba za ta gane ba. Ke nan mai kula da cibiya da kansa zai yanke hukuncin da zai jawo ɓarna, yana zaton gyara yake yi.

Na huɗu shi ne raba gida. Kwamfutar da ake karanta imel da ita bai kamata ta samu hanyar zuwa ga wadda ke sarrafa tasha ba, kuma duk mai shiga daga nesa, har da kamfanin da ya sayar da kayan, ya kamata a nemi shaida biyu daga gare shi, ba kalmar sirri kaɗai ba. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a Yukren da Colonial tsagar ƙarama ce.

Na biyar kuwa komawa baya ne da gangan. A ƙarshen 2019 majalisar dokokin Amurka ta amince da wata doka da ta tanadi a yi nazarin yadda za a mayar da wasu muhimman sassa na layin wuta ga na'urori marasa kwamfuta da kuma hannun ɗan Adam, bisa darasin da aka koya daga Yukren.

A nan Najeriya tana da wata dama da ƙasashe masu arziki suka rasa. Ma'aikatanta har yanzu sun iya tafiyar da tasha da hannu. Abin da ake buƙata shi ne kada wannan ƙwarewa ta ɓace idan sabon tsari ya kankama.

Sola ma ba ta tsira ba

Mai karatu a Kabo ko Getso na iya cewa shi ya daɗe da yanke ƙauna daga wutar NEPA, ya koma sola. To, binciken ya biyo shi har can.

Na'urorin inbata na zamani da yawa suna haɗe da intanet, domin mai su ko wanda ya kafa su ya riƙa duba su ta wayar salula. A watan Maris na 2025 kamfanin tsaro na Forescout ya bayar da rahoton gano raunuka 46 a kayan wasu manyan kamfanoni uku masu ƙera irin waɗannan na'urori, wato Sungrow da Growatt da SMA, kuma kamfanonin sun ɗauki matakin toshe su.

Inbata ɗaya ba za ta girgiza layin ƙasa ba. Damuwar ita ce dubbai daga cikinsu kan rataya ne a kan kwamfutar kamfani guda. Tun a 2018 masu bincike a jami'ar Princeton suka nuna cewa wanda ya mallake na'urori masu cin wuta da yawa, irin su na sanyaya ɗaki da na dafa ruwa, ya kunna su ko ya kashe su lokaci guda, yana iya karkatar da ma'aunin babban layi.

A jihar Kano an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a ƙaramar hukumar Kumbotso a watan Janairun 2023. Gwamnatin jihar ta daɗe da shirin samar da wuta daga madatsun ruwa na Tiga da kuma Challawa, wadda ke ƙaramar hukumar Karaye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo. A watan Disamban 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin ƙananan tashoshin sola a karkarar Najeriya. Duk sabuwar tashar da za a kafa a wannan zamani, da kwamfutarta take zuwa.

Me doka ta tanada?

Najeriya ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2015, aka yi mata kwaskwarima a 2024. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekaru 10 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya kai hari kan muhimman na'urorin bayanai na ƙasa, shekaru 15 idan wani ya ji mummunan rauni, da ɗaurin rai da rai idan an rasa rai.

Gyaran na 2024 ya wajabta wa hukumomi da kamfanoni su kai rahoton duk wani kutse cikin sa'o'i 72 ga cibiyar ngCERT, wadda ke ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan wani umarni da ya fayyace na'urorin da ake ɗauka a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, ciki har da na ɓangaren wutar lantarki.

Sai dai batun kuɗi ya gamu da cikas. A watan Mayun 2024 babban bankin ƙasar ya umarci bankuna su fara cire harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kuɗin da ake turawa, amma aka dakatar da shi bayan da jama'a da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca.

Ta fuskar horaswa, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen kimiyyar tsaron intanet, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana koyar da fannin, sannan akwai cibiyar NAPTIN da aka kafa a 2009 domin horar da ma'aikatan wutar lantarki. Aikin kare tasha yana buƙatar mutumin da ya haɗa ilimin biyu, wanda ya san kwamfuta ya kuma san abin da zai faru da taransifoma idan aka buɗe makunni ba a kan ƙa'ida ba. Irin waɗannan mutane ƙalilan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba.

Wani amfanin tsarin zamani shi ne yana ajiye tarihin abin da ya faru. Lokacin da wuta ta ɗauke a ƙasashen Spain da Portugal a ranar 28 ga watan Afrilun 2025, nan take aka fara raɗe-raɗin kutse. Bayanan da na'urori suka adana ne suka bai wa gwamnatin Spain damar sanarwa a watan Yuni cewa hauhawar ƙarfin wuta a layi ne sanadi. Ƙasar da ba ta da irin waɗannan bayanai, ko an yi mata kutse da wuya ta iya bambance shi da lalacewar da ta saba gani.

Har ƙetaren iyaka

Batun bai tsaya a Najeriya ba. Layin da ya tashi daga Kano zuwa Katsina ya zarce har Gazaoua a Jamhuriyar Nijar, inda yake bai wa yankunan Maraɗi da Damagaram wuta, yayin da wani layin daga Birnin Kebbi ke zuwa Yamai.

Mutanen Nijar sun ɗanɗana abin da yanke wannan wuta ke nufi, lokacin da Najeriya ta katse ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi, har zuwa watan Maris na 2024.

A watan Nuwamban 2023 aka buɗe cibiyar daidaita cinikin wutar lantarki ta ƙasashen Afirka ta Yamma a garin Abomey-Calavi na Jamhuriyar Benin. Yayin da ake ƙara haɗa layukan ƙasashen, ana ƙara haɗa kwamfutocinsu ne, kuma sakacin wata ƙasa na iya zama matsalar maƙwabciyarta.

Ga mazauna Gwarzo da Kabo dai, babbar barazana ga wutarsu a yau ita ce wadda suka sani: ƙarancin wutar kanta, da satar waya da man taransifoma, da lalata turaku a daji. Ko a ranar da TCN ya ce an kafa tarihi, a watan Maris na 2025, megawat 5,801 aka samar wa ƙasar mai mutane fiye da miliyan 200.

Amma yanzu ne ake sayen na'urorin da za su tafiyar da layin na shekaru 20 ko 30 masu zuwa, domin kayan tashar wuta ba a sauya su kamar wayar hannu. Sanya sharuɗɗan tsaro a cikin kwangila tun farko ya fi arha nesa ba kusa ba a kan yin faci bayan an kafa.

Abubuwan da masu sa ido za su duba su ne, ko an raba kwamfutocin ofis da na tashoshi, ko kamfanonin rarraba wuta suna da wata hanyar sayar da kati idan babbar kwamfutarsu ta tsaya, da kuma ko ana ci gaba da koya wa sababbin ma'aikata yadda ake mayar da layi da hannu.